Gawar mota guda ko tsince-tsince: wanne ya fi ga mai son sauya cikin katkat ɗinsa, wato motarsa mai jan ƙafa huɗu?

Ɗan ƙanwata ne ya jawo wannan magana. Yana da wata tsohuwar Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, ƙirar 75 ta ƙarshen shekarun 1980, da ita yake bin kasuwannin arewa, Kornaka da Dakoro, wani lokacin har Bermo in an samu lodi mai kyau. Wata Litinin da hantsi ya shigo gareji, bai ko kashe ta ba, don ya san in ya kashe sai yara sun tura. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce: "Kawu, motar nan ta gaji. Inji na shan mai kamar a rariya ake zuba shi, giya ta biyar na fita da kanta, pon na baya kuka yake tun daga Kornaka har gida. So nake in sauya cikinta gaba ɗaya, in sa injin 1HZ. In nemi gawar mota guda in kwashe kayanta, ko in bi ƴan kaya in tsinto ɗai-ɗai?"

Na ce masa ya kashe motar tukuna, hayaƙinta na hana ni tunani.

Kafin in shiga amsar, bari mu daidaita baki, don a Maradi kowane ƙarfe suna biyu gare shi, ɗaya ya zo daga Yamai, ɗaya ya tsallako ta Ɗan Isa. Abin da muke ce wa buwat, a Katsina giya ce ko giyabos. Kardan ɗinmu shi ne farfelarsu, sandar da ke kai juyi zuwa pon, pon kuwa shi ne aksul, wanda ke juya tayoyi. Akwai kuma ƙaramar giyar da ke manne bayan buwat, wadda ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya, ita za mu kira taransifa. In mutum ya ce zai sauya cikin mota, waɗannan yake nufi: inji, kuloci, buwat, taransifa, kardan biyu, pon biyu. Sarƙa ce guda daga inji har taya, kuma duk inda aka ƙulla ta da abin da bai dace ba, nan za ta tsinke.

Ba abin mamaki ba ne da yaron ya ambaci 1HZ. Tun 1990 Toyota ke yin wannan inji: lita 4.2, silinda shida a jere, ƙarfin doki wajen 130, ba turbo, ba kwamfuta. Ba ya gudu, amma yana haƙuri da gazuwal, wato man dizal, ɗin da ake sayarwa a jarka a bakin hanya, kuma babu garin da za ka tsaya tsakanin nan da Agadas ka rasa wanda ya taɓa kwance shi. Injin da ke cikin motar yaron 2H ne, lita 4.0, wanda 1HZ ya gada.

Mu fara da tsince-tsince, tunda shi yawancin mutane ke fara tunani, kuma yana da hujjarsa. Ba ya bukatar kuɗi a dunƙule. Yau ka sayi inji, bayan girbi ka sayi buwat, kana yi kana numfashi. Kana kuma da zaɓi: injin da ya fito daga Turai ko Dubai, wanda bai taɓa shaƙar ƙurar hunturu ba, sau da yawa ya fi na motar da ta ƙare rayuwarta a nan lafiya. Kasuwa kusa take. In babu a Maradi, Katsina tafiyar safiya ce, Kano na gabanta, wanda ya san Ƙofar Ruwa ya san abin da nake nufi. Ba ka da gangar jikin da za ta tare maka fili, ba ka da takardun wata mota da za ka yi ta yawo da su. In abu guda ne ya mutu a motarka, buwat kawai ko pon kawai, to maganar ta ƙare a nan: ka nemi irinsa sak ka ɗaura. Mai sayen gawar mota don buwat guda kamar mai sayen sa ne don yana sha'awar ƙafa.

Matsalar na farawa ne lokacin da za a sauya iri, kamar daga 2H zuwa 1HZ, ko daga fetur zuwa gazuwal. Manyan ƙarafa ba su ke tsayar da aiki ba. Inji da buwat kowa na ganinsu, kowa ya sa su a lissafi. Ƙanana ne ke kwantar da mota wata uku a kan duwatsu. Ɗauki wannan misali na ɗan ƙanwata. Ƙwaryar kuloci, wadda ke haɗa inji da buwat, ba iri ɗaya ba ce tsakanin injinan biyu, ko da kuwa sunan buwat ɗin guda ne, H55F. Ƙafafun da inji ke zama a kan shasi sai an sake su. Bututun hayaƙi, tiyon lagireto na sama da na ƙasa, gidan matatar iska da bututunsa, wayar totur, duk kowanne da nasa tsawo da lanƙwasa. 2H ana kashe shi da wani ɗan moto da ke jan sanda a jikin famfon gazuwal, 1HZ kuwa ɗan makunnin lantarki ne ke datse masa mai, don haka wayarin ma sai an taɓa. Famfon iskar da ke taimakon birki a bayan altanato yake a 2H, a 1HZ jikin inji yake. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ba tsada gare shi ba. Amma ka je ka ce wa mai shago kana neman ƙarfen da ke riƙe gidan matatar iska na 75, ka ga yadda zai dube ka. In ma yana da shi, ya gane kai ne a matse, farashi nasa ne.

In an rasa, sai a koma wa mai walda. Ba na raina walda, da ita muke ci. Amma ƙafar inji da aka ƙaga da ido, in ta kauce ko da kaurin yatsa ne, kardan zai riƙa juyawa a karkace, motar ta kama rawa, kurosa, wato gaɓar kardan, na mutuwa duk bayan ƴan watanni, mai mota na zagin kayan China alhali laifin na zaman inji ne.

Sai kuma abin da ake kira garanti. Mai kaya zai ce ya ba ka kwana kaza na gwaji. Kafin injin ya iso, ka sauke tsohon, ka gano ƙwaryar kuloci ba ta hau ba, ka aika a nemo, kwanakin sun ƙare inji bai taɓa tashi ba. In daga ƙetaren iyaka ya zo, mayar da shi wata shari'a ce, ga duwan, wato kwastan, ga canjin naira da sefa da ba ya kwana inda ya yini. Wanda aikinsa ya faɗa cikin rufin iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya san yadda mota ke zama gidan kaji tana jiran ƙarfe guda. Inji a ƙasa, an wanke shi da gazuwal yana ƙyalli, cinikin biri a sama ne. Ni in na ga inji ya cika tsabta, ko an fesa masa fenti, gabana faɗuwa yake. Ga wani tarkon da ba kowa ya sani ba: bas ɗin Coaster ma 1HZ ke cikin wasunsu. Inji ne mai kyau, amma kayan da ke rataye a jikinsa na bas ne, kuma sau da yawa wutarsa volt 24 ce. In motarka 12 ce, sitata, altanato, hitar da ke ɗumama inji kafin ya tashi da makunnin famfo duk sai ka sake, arahar ta tafi.

Bari in ba da labarin da har yau in na tuna nake jin kunya. Shekarun baya wani Alhaji ya kawo 75 ɗinsa ta shekarun 1990, haƙoran pon na gaba sun zube. Ya aika aka sayo masa cikin pon ɗin sukutum, mai kaya ya rantse na Land Cruiser ne, kuma bai yi ƙarya ba. Muka ɗaura, ya zauna daram, noti ko ɗaya bai yi gardama ba. Aka gwada a kwalta, shiru, tunda a kwalta ƙafafun baya kaɗai ke ja. Aka shiga yashi aka sa katkat, ƙafa huɗu duka na ja, nan ma lafiya, don yashi na barin taya ta zame. Sai da damina ta sauka, direba ya sa katkat a kan jar ƙasa mai tauri, mota ta riƙa ƙugi tana tirjewa kamar an ja mata birki, sandar taransifa ta ƙi fita, kafin ya iso gari wani abu ya ce ƙas. Da muka buɗe muka ƙirga haƙora, na gaba 43 da 10 ne, wato 4.30, irin na ƙirar 78 da 79 da 105. Na baya 37 da 9, wato 4.11. In ƙafafun baya sun ci mita 100, na gaba 95 da ɗoriya suke son ci, ragowar kuwa ƙarfe ne ke biya. Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, ashe an sayar da kare an sayi biri." Ban ce uffan ba, don ni ya kamata in ƙirga kafin in ɗaura.

Ƙirgar kuma ba wuya. Ka ɗaga taya guda da jak, ɗayar na ƙasa, ka sa alli a jikin tayar da bakin kardan. Yaro ya juya tayar sau 20, kai kana ƙirga juyin kardan. In 41 ka samu, dangin 4.10 ko 4.11 ne, waɗannan biyun suna zama tare. In 43 ne, 4.30 ke nan. In pon ɗin mai riƙe ƙafa biyu ne, ka ɗaga duka biyun ka juya sau 10. Minti biyar, da guntun alli.

To, a nan ne gawar mota ke cin gasa. Duk abin da ke cikinta kamfani ne ya aura su, sun yi shekaru suna zaman lafiya: pon na gaba da na baya bakinsu ɗaya, kardan tsawonsa daidai, kowane tiyo, kowane ƙarfen rataye, kowane noti yana nan inda aka sa shi. In makaniki ya rikice, sai ya taka ya je ya duba yadda abin yake zaune a ɗaya motar, ya auna, ya dawo. Wannan kaɗai ya isa ya rage makonni. Abu na biyu, kuma shi ya fi mini muhimmanci, kana iya jin ta da kunnenka kafin ka biya.

Kada ka yarda a tayar maka da ita kafin ka iso. Ka je da sassafe, ka dafa inji da hannunka ka tabbatar sanyi ƙalau yake, sannan a murza. 1HZ mai lafiya, in hita na aiki, ba ya jan rai. Ɗan hayaƙi na ƴan daƙiƙu ba komai, amma shuɗin da ya ƙi ɗaukewa mai yake ƙonawa. Buɗe murfin da ake zuba mai yana aiki: in yana huci kamar tukunyar dambu, zobba sun tafi. Buɗe lagireto tun yana sanyi ka zuba ido. Kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya, to gaskit ne ko kan injin ya tsage, abin da 1HZ ke yi in an taɓa barinsa ya tafasa. In kana da mai agogon awon matsi, ka tafi da shi ko nawa zai caje ka. Littafin Toyota ya sa lafiyayye a kilo 37, mafi ƙaranci 27, kuma kada tazarar silinda da silinda ta wuce 5.

Daga nan ka shimfiɗa buhu ka shiga ƙarƙashi da sifana da tsohuwar roba. Noti na zubar da man buwat da na pon suna da maganaɗisu. Baƙin laushi kamar kwalli a jikinsa, tsufa ne kawai. Ɓarɓashi mai kaifi da kake ji a yatsa, haƙori ne ke ci. Mai ya fito fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga. A tsofaffin 75 akwai wata alama: ka buɗe notin da ake cika man buwat, in mai ya kwararo da yawa, robar da ke tsakaninta da taransifa ta mutu, man taransifa ne ya hauro, ita kuma tana can tana aiki a bushe. Ka kama kardan ka murɗa hagu da dama ka ji yawan wasan da ke ciki. In motar na iya motsi, a kulle ƙafafun gaba, a sa katkat a kan ƙasa mai laushi, a karya kan mota har ƙarshe a tafi a hankali. In kana jin ƙas-ƙas-ƙas daga gwiwar taya, kan sandar da ke ciki ya ci.

Amma gawa suna ta tara. Wadda na fi so ita ce wadda ta wuntsila: rufi ya lotse, gilasai sun zube, mai ita ya yanke ƙauna, alhali ƙasanta bai san an yi ba. Tambaya guda zan yi, ko injin ya ci gaba da aiki tana kife, don mai ba ya zama inda famfo zai same shi in ƙafafu na sama. Wadda ta yi karo gaba da gaba sai an yi hattara: murfin gaban inji na iya tsagewa, pon na gaba na iya lanƙwasa yadda ido ba zai gani ba sai taya ta fara cin gefe guda. Motocin furoje da na ma'aikatu da ake gwanjonsu sun sha juyen mai a kan lokaci, wannan gaskiya ne, sai dai wadda ta shekara uku a ajiye a bayan ofis ka ƙirga abin da ya rage a jikinta, don ƴan'uwanta masu tafiya sun daɗe suna cin namanta. Ka tabbatar famfon gazuwal ɗin da ke jiki nata ne. Wadda ta dawo daga arewa, musamman tun da aka buɗe zinariyar Jado a 2014, ta ɗauki lodin da ya ninka ƙarfinta a cikin rairayi, ta sha ƙura ta ƙoshi. Irin wannan ina iya sayen ƙarafan rataye a jikinta, ban da inji. Wadda ruwan gulbi ya ci tana tafe, ka ɗauka sandunan fistin sun lanƙwashe har sai an nuna maka akasin haka. Wadda ta ƙone kuwa, ka bar wa ƴan kilo.

Sannan dangi. Land Cruiser suna ne na gida, ɗakuna kuwa da yawa. Ga mai 75, gawar da ta fi dacewa ita ce 75 mai 1HZ, wadda aka yi tsakanin 1990 da 1999: faɗi ɗaya, sifirin mai ganye gaba da baya, noti shida a taya. Daga 1999, 78 da 79 suka koma sifirin mai naɗi a gaba da noti biyar, buwat ɗinsu kuma R151F ce, mai gidan alminiyam, ta fi laushin shiga amma ba ta kai H55F jure wulaƙanci ba. In ka ɗauki pon na baya kaɗai daga 79, ka shirya yawo da safaya iri biyu. Ƙirar 80, ta 1990 zuwa 1997, injinta zai yi maka, amma pon ɗinta sun fi faɗi kuma mazauninsu na sifirin mai naɗi ne, sai an yanke an sake walda. Wasunsu ma kullum ƙafa huɗu ke ja, taransifarsu daban. Nissan Patrol mai injin TD42 mota ce ta kirki, ba na musu, amma ƙullin pon ɗinta na baya a tsakiya yake, na Land Cruiser kuwa ya karkata gefe guda don ya fuskanci bakin taransifa. In za ka ɗauki na Patrol, ka ɗauki sarƙar gaba ɗaya ko ka bar ta gaba ɗaya. Masu Hilux ma haka: daga ƙirar 2005 mai injin 2KD, inji ba ya tashi sai da kwamfutarsa da cikakken wayarinsa, a wasu har da makullinsa. A irin wannan, sayen inji tsirara zubar da kuɗi ne.

Kada in sa gawa ta yi kama da aljanna. Kuɗinta a dunƙule ake biya, kuma ya fi na inji da buwat in an saye su a ƙasa. In a daji ta mutu, jawo ta wani kuɗin ne. Aiki biyu za ka biya makaniki, kwancewa da ɗaurawa. Kana bukatar fili mai ƙofa da mai gadi, don mota a buɗe a gareji ƙafa take yi, yau madubi, gobe sitata, kowa ka tambaya bai gani ba. Masu cewa "ai ragowar za ta mayar maka da kuɗinka" rabin gaskiya suke faɗi. Ƙofofi, fitilu, akwatin sitiyari, sifirin, wili, tankin mai, waɗannan suna da masu nema. Sauran sai ka yi wata da watanni kana jiran mai bukata, ƙarshe ka kira ƴan kilo su auna. In kuɗin da za ka sa na bashi ne, ko jarin da kake juyawa ne a kasuwa, ka lissafa wannan jiran a matsayin asara. Kuma duk abin da ke cikin gawa shekarunsu ɗaya: in inji ya yi rabin rai, buwat ma haka.

Sai takardu, inda mutanen kirki ke shiga uku. Mota mai lafiyayyen ciki da ake sayarwa da arahar da ta wuce hankali, a ce kart griz, wato takardar rajistar mota, ya ɓace, a ce a yanka ta yau-yau, ka kama gabanka. Ka ga kart griz da idonka, ka gwada lambar da ke ciki da wadda aka buga a jikin shasi, ka shafa wurin da yatsa ka ji ko an goge an sake bugawa. Ka ga takardar duwan. A rubuta takardar ciniki da shaidu, a sa lambar shasi da ta inji. Ko inji kaɗai ka saya a shago, ka karɓi rasit mai lambarsa. Ranar da jandarma zai ɗaga bonet a hanya, rantsuwa ba za ta fisshe ka ba. In kuma daga fetur ka koma gazuwal, ka tuna kart griz ɗinka na faɗin irin man da motar ke sha. Ka je a gyara, don kada ranar hatsari masu inshora su samu ƙofar zillewa.

Akwai hanya ta uku a tsakani, rabin mota, wadda ake yankowa daga gilashin gaba zuwa hanci a loda a kwantena daga Dubai ko Japan. Tana zuwa da inji, buwat, lagireto, wayari da yawancin ƙananan abubuwan nan da na lissafa, kuma ba ta sha wahalar hanyoyinmu ba. Ga mai sauya inji da buwat kaɗai, musamman mai kwamfuta, ita ce zaɓina. Amma babu pon na baya, babu kardan na baya, don haka allin nan bai tsere maka ba. Ta Japan sitiyarinta a dama yake, wasu bututu da wayoyi sai an juya su. Kuma tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, kayan da suka saba shigowa ta Kutonu suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, ko ta Najeriya, kuɗin hanya da kwanakin jira suka ƙaru.

Abin da na ce wa ɗan ƙanwata ke nan: abu uku sun mutu a motarka lokaci guda, kuma iri za ka sauya, don haka gawa za ka nema, 75 mai 1HZ, volt ɗinta irin naka, wadda za mu tayar mu ji. Na kuma ƙara masa da abin da bai zo da shi ba. In muka samu wadda shasinta ya fi naka lafiya kuma takardunta sun cika, to lissafi ya juye: ita za mu tayar, taka ta zama gawar. Ɗaga gangar jiki a ɗora kan wani shasi ya fi sauƙi a kan kwashe ciki gaba ɗaya, sai dai takarda shasi take bi, ba fenti ba. Ya yi shiru, don motar ta mahaifinsa ce.

Sai da muka yi wata biyu muna cigiya kafin aka ba mu labarin wata da ta kife da lodin gero. Muka je tun asuba, na dafa inji sanyi ƙalau, murzawa guda ya kama. Shasinta ya murɗe ta baya, don haka maganar juya lissafi ta faɗi da kanta, yaron ya samu abin da ransa ke so. Muka jawo ta gareji muka ajiye su kafaɗa da kafaɗa. Kafin sifana ta taɓa komai na sa ya zagaye ta da wayarsa yana ɗaukar hoto, sama da ƙasa. Notin kowane sashe da gwangwanin tumatirinsa, an rubuta suna a jiki. Bakin kardan muka yi masa alama da fenti don ya koma yadda ya fito. Na gargaɗi yaran gareji cewa duk wanda ya sa almakashi a wayari, a bakin aikinsa. A bi kowace waya har kanta a zare. Kowace kafa ta famfo da bututun mai muka toshe da leda, don lokacin hunturu ne, ƙura na shiga inda ba a gayyace ta ba. Tun inji na rataye muka sa sabon bel na tayimin, wanda a tsofaffin 1HZ ake sauyawa duk kilomita 100,000 kuma babu wanda ya san yaushe aka taɓa wannan. Muka sa sabon kuloci, sabuwar robar bayan inji da sabon famfon ruwa, tunda kowannensu in ya tashi daga baya sai an sake wahala mai yawa.

Duk da haka sai da abu guda ya tsayar da mu kwana huɗu: tiyon lagireto na ƙasa ya tsage a hatsarin, ba mu lura ba, kuma duk garin aka rasa mai irin lanƙwasarsa sai da aka aiko daga Kano. Motar ta fita kafin ruwan farko. Ƙofofi da wili sun tafi cikin mako biyu, tsohon 2H wani mai injin niƙa ya zo ya taya. Gangar jikin tana nan bayan gareji, akuyar maƙwabta ta haihu a ciki, kuma duk ranar Juma'a in yaron ya shigo gari sai ya leƙo ya tambaye ni ko an samu mai so.